Bakin Tahir Dillali

A kasuwar dabbobi ta unguwar Farcha ba a nuna wa baƙo Tahir dillali da yatsa. Cewa ake yi ya tsaya ya kasa kunne, inda duk ya ji murya ɗaya ta danne kukan shanu da ihun direbobi, to ya nufi can. Shekara talatin da ɗoriya Tahir ya yi yana haɗa mai saye da mai sayarwa, kuma a tsawon shekarun nan babu wanda zai rantse ya taɓa ganin bakinsa a rufe, in ba a sahun salla ba. Can ɗin ma don liman ya riga shi farawa ne.

Kakansa ne ya zo da fataucin fata tun zamanin Turawa, lokacin da birnin yake amsa sunan Fort-Lamy, ya ga kogi da kiwo, ya ajiye kaya bai sake ɗauka ba. Mahaifinsa mahauci ne, ya so Tahir ya gaje shi, amma ya lura in aka bar masa teburi sai nama ya fara sauya launi bai gama ba mai saye na farko labari ba. Sai ya tura shi wajen dillalai, inda surutu yake zama abinci. Nan Tahir ya sami gida. Da Hausa yake faɗa a cikin iyali, da Larabci yake ciniki, da Fulatanci yake lallashin makiyaya. Faransanci kuwa kalmomi shida ya mallaka, kuma duka shidan na ba ma'aikatan gwamnati haƙuri ne.

Gaskiya ya san dabba. Zai kama sa ta hanci, ya wage masa baki, ya dubi haƙora da harshe, ya faɗi shekarunsa da irin ciyawar da ya ci, har ya ɗora da halin mai shi. Daga nan ne ya yanke wa kansa hukuncin cewa ya san jikin mutum ma. A ilimin likitancinsa cututtukan duniya uku ne: basir, shawara da sanyi. In ciwo ya ƙi shiga ɗaya daga cikinsu, to hassada ce.

Yana da wani ɗan gwangwani a aljihun gaba, cike da garin taba da aka haɗa da kanwa. Tun yana saurayi yake ɗiba da yatsu biyu ya cusa a kuncinsa na hagu, tsakanin dasashi da gefen harshe, ya bar ta nan tana aikinta shi yana nasa. Masu busa sigari kuwa ba ya ganinsu da gashi ko kaɗan. In ya ga matashi yana fitar da hayaƙi sai ya tsaya ya yi masa wa'azi a kan huhu, ya tofar da jan yawu gefe, ya ƙara gaba. Da matarsa Zuleha ta taɓa tuna masa cewa tasa ma taba ce, sai ya gyara mata karatu.

"Ni ba shan taba nake yi ba, Maman Jannatu. Ajiye ta nake yi."

Abin ya faro ne 'yan kwanaki bayan Babbar Salla ta 2021. Yana cin soyayyen naman layya da yaji sai ya ji wani wuri a gefen harshensa ya yi masa zau. Bai ɓata lokaci wajen bincike ba, nan take ya gano mai laifi: Zuleha ta cika barkono. Ta ce barkonon da take dakawa shekara ashirin da shida ke nan, ya buɗe ta gani. Ya buɗe mata a gurguje, ta hango wani farin tabo kamar an ɗiga nono ya bushe, tsakiyarsa ja.

"Baban Jannatu, daidai inda kake ajiyar nan taka ne fa."

"Zafi ne ya fito. Kwana uku ya wuce."

Kwana uku suka wuce, suka bar tabon a inda yake. Tahir ya yi wa ciwon adalci, ya mayar da tabar kuncin dama don ya ba shi wuri ya huta.

Daga nan aka shiga magani, kuma ba za a ce ya yi sakaci ba, domin babu abin da bai gwada ba sai abu ɗaya. Ya shafa zuma. Ya kurkure da jiƙon bagaruwa har haƙoransa suka dafe. Ya ɗora man shanu, ya ɗora alif. Ya tare doktor shuku, mai yawo da kwalin magunguna a kan keke, wanda ya duba shi daga nesa cikin ƙwarewa ya ba shi kafso ja da rawaya, ya ce a fasa a barbaɗa garin a kai. Ya barbaɗa, ya yi tsalle ɗaya, hawaye suka zubo, ya ce alhamdulillahi magani ya kama.

Amininsa Abbas, wanda suke dillanci a rumfa ɗaya, suke kuma tsoma yatsu a gwangwani ɗaya, shi ne ya kawo bayanin da ya fi kwanta masa a rai. Ya ce wannan ba ciwon Allah da Annabi ba ne, baki aka yi masa. Wa ya sayar da shanu sittin a mako guda kafin salla? Wa ake kira tun daga kan gada in fatake sun iso? Tahir ya jinjina kai cikin tawali'u. A ce mutum ya yi girman da maƙiya za su haɗu a kan harshensa, ai wannan kusan lambar yabo ce. Ya sha rubutu, ya ɗaura laya, ya daina gaisa wa da dillalai biyu da ba su san hawa ba balle sauka.

Damina ta wuce, ruwan da ya kwanta a lungunan Farcha ya janye. Tabon ya zama ɗan gyambo mai taurin baki, kamar an ɗinke gefensa da zare. Kullum Zuleha sai ta ce a je labtan, wato asibiti, kullum sai ya ba ta amsa ɗaya, cewa abin da ba ya hana barci ba ciwo ba ne. Kuma da gaske bai cika zafi ba, wannan ne ma ya fi cutarsa. Sai wani ƙullutu ya fito a ƙarƙashin muƙamuƙinsa, ya ce kaluluwa ce, sanyi ya kawo ta. Sai kunnen hagu ya fara suka, ya ce ruwan alwala ne ya shiga. Ya daina cin kilishi, ya ce dama kilishin yanzu ba na da ba ne. Masu saye suka fara ja da baya taku ɗaya in yana musu bayani, wasu suna kai gefen rawani hanci. Ya gaya wa Zuleha cewa a ƙarshe dai mutanen kasuwa sun koyi girmama manya.

Akwai wani likitan dabbobi a kasuwar, Idris, matashi mai gilashi da safar hannu, wanda aikinsa shi ne duba dabba kafin a wuce da ita mayanka. Shekara huɗu suna gwabzawa da Tahir, domin duk bijimin da Idris ya ce ba shi da lafiya, a wurin Tahir gajiyar hanya ce kawai. Wata safiya cikin Fabrairu suka kaure a kan wani bijimi mai dalalar da yawu. Tahir ya ɗaga murya yana rantsuwa cewa ƙaiƙayi ne ya soki dabbar, ya juya ya tofar, sai Idris ya ga abin da ya faɗi ƙasa ba jan taba kaɗai ba ne, da jini a ciki. Ya bar maganar bijimi, ya ja shi bayan wata babbar mota inda ba kowa.

"Baba Tahir, don Allah buɗe bakinka in gani."

"Ni ka mayar sa?"

"Sa ba ya gardama haka. Buɗe dai."

Ko don mamaki ne, ko don ya gaji da ɓoyo, Tahir ya buɗe. Idris ya haska da fitilar wayarsa, ya daɗe yana kallo, ya sa yatsu biyu ya taɓa ƙullutun wuyan.

"Tun yaushe?"

"Kwana biyu."

"Kwana biyu na kalanda, ko kwana biyu na Hausawa?"

Tahir ya kau da kai. "Tun layya."

Idris ya ƙirga da yatsu, ya tsaya a na bakwai. Ya cire gilashinsa ya goge, ya ce, "Baba, ni ba likitan mutane ba ne, ba zan sa wa abin nan suna ba. Amma da dabba aka kawo mini da irinsa, wallahi ba zan buga mata hatimi ba. Duk miki ko tabon da ya wuce mako biyu zuwa uku a baki bai warke ba, nuna shi ake yi, ko yana zafi ko ba ya yi. Naka wata bakwai. Gobe ka je labtan, ba jibi ba."

Tahir ya koma gida a fusace, ya zayyana wa Zuleha irin rashin kunyar 'yan boko, yana jiran ta taya shi. Ta saurara har ya kai aya, ta ce to, ashe sai da likitan shanu ya faɗa sannan ya shiga kunne, ita da take faɗa da bakin mutane ba a ji ba. Ya ce ai bai shiga ba, gobe ma fatake za su iso, kasuwa zai tafi.

Da gari ya waye ya nemi rigar kasuwa ya rasa. Ya leƙa tsakar gida, ya tarar da rigunansa kaf, har da wanduna da hula, a jiƙe cikin baho, kumfa ta rufe su. Jallabiyar Juma'a kaɗai aka bari a rataye, an goge ta. Zuleha na tsaye a bakin ƙofa da lafayarta a jiki da jaka a hannu.

"Wannan wane irin wanki ne da sassafe?"

"Na lada ne. Sa jallabiyar, mai taksi na jira."

Ba ya shiga cikin shanu da jallabiyar Juma'a, ita ma ta sani. Haka ya shiga taksi yana ta bayani a kan yadda mata suka lalace, direba na cewa gaskiya ne, Zuleha na kallon titi.

Likitar da aka tura su wurinta, Doktor Lailatu, ba ta girmi 'yarsu Jannatu da yawa ba, abin da ya ƙara tabbatar wa Tahir cewa an ɓata masa rana. Ya zauna ya yi mata cikakken darasi a kan yadda basir yake hawowa sama in ya rasa hanya. Ta bar shi ya gama, ta sa safar hannu, ta kama harshen da ɗan ƙyalle ta juya shi gefe, ta latsa gyambon, ta bi wuyansa da yatsu a hankali. Ta tambayi shekara nawa yana sa taba a wurin. Zuleha ce ta amsa, don ta ga yana shirin rage goma.

Doktor ta ce za a yanki ɗan tsoka kaɗan daga bakin gyambon a kai ɗakin gwaji. Nan Tahir ya miƙe tsaye.

"A'a, 'yata. In daji ne, ba a taɓa shi da ƙarfe. Kowa ya san wannan. Ana sa wuƙa mutum ya tafi."

Shi da kansa ya ji abin da ya fito daga bakinsa. Wata bakwai yana cewa zafi, yana cewa hassada, ashe sunan yana nan kwance a ƙarƙashin harshensa tare da ciwon.

"Zauna, Baba," in ji Doktor. "Ni ban ce daji ba tukuna, gwajin ne zai faɗa. Amma waɗanda ka sani da aka yi wa aiki suka rasu, da ƙafarsu suka zo, ko ɗauko su aka yi?"

Ya tuna mutum biyu. Ɗaya a tabarma aka sa shi bayan mota, ɗayan ya shekara biyu ana yi masa turare kafin a kai shi. Ya zauna, ya buɗe baki.

Mako uku aka jira sakamako. A kasuwa ya ci gaba da ihu kamar da, amma in ya dawo da la'asar sai ya ɗauki madubin Zuleha ya koma bayan ɗaki inda haske yake, ya fito da harshe yana kallo. Ran nan ta same shi a haka, madubin a cinya, idanunsa sun yi ja. Ya ce mata, a hankali yadda ba ta saba ji ba, shi ba mutuwar ce ta fi ba shi tsoro ba. Bai iya komai ba sai magana. Ba gona, ba shago, ko wuƙar mahaifinsa bai riƙe ba. Zuleha ba ta ce ai na faɗa maka ba, ko da yake ta tanadi kalmar tun damina. Ta karɓi madubin, ta kawo masa kunu mai ɗumi, ta zauna kusa da shi har ya shanye.

Sakamako ya fito, kansa ce, wato ciwon daji. Doktor Lailatu ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce ta kai ga kaluluwar wuya, amma iya binciken da aka yi ba a ga ta wuce nan ba, kuma wannan babban rabo ne.

"Da a watan farko ka zo, abin da za a cire bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Yanzu sai an ɗauki kusan sulusin harshen, a buɗe wuyan kuma a kwashe kaluluwar."

"Zan yi magana?"

"Za ka yi. Ba kamar da ba."



Aka yi aikin ana tsakiyar zafin Afrilu. Ya yi kwanaki da roba a hanci, ta nan ake zuba masa abinci, mutumin da a da yake raina duk miyar da ba ta da ƙashi. Bayan ya ɗan murmure aka tura shi wani asibiti a Kamaru, inda aka yi makonni ana gasa wurin da na'ura don kashe abin da wuƙa ba ta gani ba. Bakinsa ya bushe, ɗanɗano ya gudu, ya rame har jallabiyar Juma'a ta koma kamar ta aro. Gwangwanin kuwa tun ranar da aka kwantar da shi Zuleha ta jefa shi masai, ba ta nemi shawarar kowa ba.

A Farcha labari ya riga shi dawowa. Wasu sun ce an cire harshen duka an sa na roba. Wasu sun ce ya rasu a hanya, har an sami wanda ya ga wanda ya halarci jana'izar. Da ya dawo da ransa, 'yan dubiya suka cika gidan, kowa da maganin da ya kamata a ce an yi tun farko: wannan ya kawo saiwa, wancan ya kawo kitsen damo, wani ya ce da an tambaye shi da ba a kai ga wuƙa ba. Tahir na kwance yana jinsu, ba halin katsewa. Mutane da yawa a ranar suka fara kai ƙarshen zance a gabansa, har wasu suka rasa yadda ake rufe shi.

Sai bayan wata biyar ya koma kasuwa. Maganar ta dawo, amma a daddafe. Haruffan ra da la sun haɗe sun zama abu ɗaya, in ya ce sa sai ka ɗauka iska yake hurawa, kuma dole ya riƙa kurɓar ruwa daga gorar da yake yawo da ita. Kalma goma yake da ita a inda da yake da ɗari, don haka ya koyi zaɓe. Abin haushi, ciniki ya fi saurin faɗawa. Wani Bafulatani da suka shekara ashirin suna hulɗa ya gaya masa, da kyakkyawar niyya, cewa yanzu ne ya fara gane abin da yake nufi. Da ya haɗu da Idris kuwa bai yi masa godiya da baki ba. Ya kama hannunsa ya riƙe ya daɗe, sannan ya nuna wata saniya da Idris ya ware gefe, ya ce gajiyar hanya ce.

Duk wata uku yana komawa wurin Doktor Lailatu ta duba, kuma zuwa yanzu ba a ga komai ba. Ita ba ta ce ya warke ba, cewa take yi a ci gaba da zuwa. Shi ma ya daina cewa ya fi ta sani, sai dai a taksi in suna komawa.

Wata rana ya lura Abbas yana tauna tsire da gefe ɗaya yana yamutsa fuska. Ya tambaye shi tun yaushe, Abbas ya ce zafi ne, mako uku ke nan, ya kusa wucewa. Tahir bai tsaya jayayya ba, don ba shi da kalmomin ɓatarwa. Ya kwance rawaninsa ya nuna masa tabon ɗinkin da ya taso daga bayan kunne har ƙashin wuya, ya riƙe masa hannun riga bai saki ba sai a cikin mota.

Doktor ta duba Abbas, ta ce wani fasasshen haƙorin turmi ne yake yankar masa kunci, ba wani abu ba. Aka cire haƙorin, aka ce ya dawo bayan mako biyu a tabbatar mikin ya rufe, kuma ya rabu da taba. Mikin ya rufe. Abbas kuwa bai yafe ba. Kwana ashirin ba ya amsa sallamar Tahir, yana bin rumfa rumfa yana ba da labarin yadda aka ɗauke shi lafiyarsa ƙalau aka raba shi da haƙorin da ya shekara hamsin yana yi masa hidima, yana wage baki kowa ya ga gurbin. Ya ce Tahir da likitar nan bakinsu ɗaya, a yi hattara.

Cikin waɗanda suka saurari wannan gargaɗi, mutum huɗu suka zo wurin Tahir ɗaya bayan ɗaya, kowa yana waige, kowa yana cewa ba don kansa yake tambaya ba, wai ta wace ƙofa ake shiga, kuma wace rana likitar take zama. Uku aka sallame su da maganin kurkure baki. Na huɗun, Hashimu mai sayar da igiya, an ga farin tabo a ƙasan leɓensa wanda bai fi wata ɗaya ba, aka ce ya dawo ran Talata a ɗauki ɗan tsoka. Ya ce shi fa ya ji ana cewa ba a taɓa irin wannan da ƙarfe. Ran Talata tun da hantsi Tahir ya je rumfarsa, ya taya shi kwashe igiyoyin ya rufe, suka tari klando biyu, wato baburan haya, suka nufi cikin gari.